Farar Fitilar Kyaftin

Kowa a unguwar, Kyaftin yake ce masa, har matarsa. Sunan ya biyo shi ne daga kamfanin saƙa, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar bas ɗin ma'aikata, ya kwaso su da safe ya mayar da su da yamma, har ya yi ritaya bai taɓa goge wa motar kowa fenti ba. Wannan maganar fentin kuwa ba a zama da shi a tashi bai sako ta ba. Da ya bar aiki sai ya sayi wata 'yar mota ruwan toka, tsohuwa amma lafiyayya, ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, takan ce tsakaninta da motar nan ba ta san wadda Baba ya fi ji da ita ba.

Auta tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin ruwa, a wani gari da ke kan babbar hanya. Can take kwana a ranakun aiki, ƙarshen mako ta dawo gida. Motocin haya ba sa yankewa a hanyar, amma Kyaftin ya ce muddin yana numfashi 'yarsa ba za ta shiga motar yaran da suka koyi tuƙi jiya ba. Shi yake zuwa ya ɗauko ta. Kuma da yake sai yamma lis take tashi daga aiki, kullum magariba a hanya take riskarsu.

Da farko abin daɗi ne. Yana tuƙi yana ba ta labarin hanya, ita kuma tana ba shi labarin ofis, su yi ta dariya. Daga baya sai ta fara lura da wasu 'yan abubuwa. Kafin su tashi sai ya ɗauko tsumma ya goge gilashin gaba ciki da waje, su yi 'yar tafiya ya sake tsayawa ya goge, alhali ita ba ta ga komai a jikin gilashin ba. Ya canza waifa, ya ce tsohuwar tana barin dishi-dishi. Ya daina hira da zarar duhu ya fara. Sai ya matso da ƙirjinsa dab da sitiyari, ya riƙe shi da hannu biyu, in mota ta taho ta gabansu ya yi tsaki.

"Direbobin yanzu ba su da tarbiyya," in ji shi. "Dubi yadda ya watso min wuta."

"Baba, ai dim ya yi, ya rage wutar."

"Wannan ne dim? Ke me kika sani?"

Wata ranar da ya zo ɗaukarta, tun daga bakin ƙofar kamfanin ta ga yana murmushi. Ya jawo hannunta zuwa gaban motar, ya nuna mata. Ya je wurin mai gyaran wutar mota an cire masa ƙwayayen fitilar da motar ta zo da su, an sa masa wasu farare tas, irin masu kashe ido ɗin nan.

"Yanzu ko allura ce ta faɗi a kwalta sai na gan ta," ya ce.

A daren kuwa ya ga hanya, ba laifi. Sai dai tun da ya kunna ful, wato babbar wutar, bai sauke ba. 'Yar shuɗiyar alamar nan da ke gaban direba tana nan a kunne har suka iso gida. Duk motar da ta taho sai ta ƙifta masa fitila, wasu su danna hon, wani mai tirela ma ya sakar musu tasa wutar gaba ɗaya, har Auta ta rufe fuska da jakarta. Abin ya ɗaure mata kai, don wannan mutumin shi ne ya koya mata tuƙi, kuma shi ne yake cewa dim gaisuwa ce tsakanin direbobi, wanda bai yi maka ba bai san darajar mutane ba.

Washegari ta sami Mama a kicin tana wanke kofuna. Ta tura ƙofa ta rage murya.

"Mama, Baba yana gani sosai kuwa?"

Mama ba ta juyo ba. Ta ci gaba da cuɗa kofi ɗaya kamar shi kaɗai ne a gidan.

"Shekaranjiya ya zuba shayi a kan tebur, kofin yana gefe," ta ce. "Na goge ban ce komai ba. Jarida kuma ya ce ya daina karantawa don ƙarya ta yi musu yawa."

"To me ya sa ba ki yi masa magana ba?"

"Na yi. Na ce mu je a duba idon. Ya ce ni ce dai nake buƙatar tabarau, tunda na aure shi." Ta yi 'yar dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Sannan ta ajiye kofin ta dubi 'yarta. "Auta, mutumin nan tun yana saurayi abu ɗaya ya iya, kuma ya iya shi fiye da kowa. In kika ce masa idonsa ya gaza, kin ce masa ya sauka daga mota. In ya sauka daga mota, ina zai zauna?"

Auta ta yi niyyar tarar sa da maganar a ranar. Ta fita tsakar gida ta same shi durƙushe yana wanke tayoyi yana 'yar waƙarsa, ya ɗago ya ce mata ta miƙo masa bokiti. Ta miƙa masa ta koma ciki.

Mako na gaba aka yini ana ruwa. Ta kira shi ta ce kada ya wahalar da kansa, za ta kwana can ta taho da safe. Ya ce ai ya riga ya kama hanya. Da suka taso ruwan ya tsagaita, sai yayyafi, amma gari ya yi duhu da wuri, kwalta ta jiƙe tana ƙyalli. Ga shi ana gyaran hannu ɗaya na hanyar, an haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu guda, babu komai a tsakaninsu sai farin layi.

Motoci suka fara ƙifta musu fitila.

"Baba, don Allah ka yi dim."

Ya kai hannu ya sauke. Nan take motar ta rage gudu kamar an riƙe ta ta baya. Ya matso gaba har haɓarsa ta kusa taɓa sitiyari. Auta ta ga motar tana karkata a hankali zuwa gefen hanya, sai da taya ta fara taka tsakuwa sannan ya dawo da ita. Ta ga gumi a gefen wuyansa, alhali garin da sanyi. Ba a jima ba ya mayar da ful, ya saki numfashi. Ita kuma sai yanzu ta gane abin da ta roƙe shi ya yi.

A wata kwana ne abin ya faru. Wata a-kori-kura ta ɓullo ɗauke da dogon kaya a baya. Farar fitilar Kyaftin ta dake ta a fuska. Direban ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya danna hon mai tsawo. Sai Auta ta ga motar ta kauce, tayarta ta zame daga bakin kwalta, ta sulale cikin kwatamin gefen hanya ta tsaya a karkace. Suka ji ƙarar fashewar gilashi.

"Baba!"

Ya riga ya taka birki. Sai da ya fitar da motar daga kan hanya tsaf, ya kunna fitilun gargaɗi, sannan ya buɗe ƙofa. Auta ta riga shi fita.

Wani ƙaton mutum ya fito daga a-kori-kurar, ya hauro kwatamin yana dafa ƙasa, wandonsa duk laka. Shi kaɗai ne a motar, kuma da ƙafarsa yake tafiya. Abin da Auta ta fara dubawa ke nan. A bayan motar wata doguwar wadirob ce ɗaure da igiya, ta jingina gefe guda, madubin ƙofarta ya tarwatse. Mutumin ya tsallako hanya yana huci.

"Malam, kashe ni za ka yi? Wace irin masifa ce ka ɗaura a gaban mota? Sau nawa na roƙe ka? Ban ga hanya ba, ban ga layi ba, ban ga komai ba sai fari! Da da yaro a gefen hanyar nan fa? Da tirela ce a bayana fa?"

"Malam, don Allah ka yi haƙuri," in ji Auta. "Ka ji ciwo?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya zaro wayarsa ya kunna tocila ya dalla wa Kyaftin a fuska.

"To ɗanɗana ka ji! Da daɗi?"

Kyaftin bai kare fuskarsa ba. Ya tsaya cikin yayyafi da hularsa a hannu, hasken yana cikin idonsa. Auta ta yunƙura za ta ture wayar, sai ta ga mutumin ya sassauta. Ya matso kusa. Ya karkata tocilar gefe kaɗan, ya leƙa idon dama, ya leƙa na hagu. A tsakiyar baƙin idon akwai wani fari-fari kamar an ɗiga madara a ruwa. Auta tana ganin mahaifinta kullum, amma ba ta taɓa ganin wannan ba sai yau.

Mutumin ya kashe tocilar ya mayar aljihu.

"Baba," ya ce, muryarsa ta sauka, "tun yaushe idon nan yake haka?"

"Idona lafiyarsa ƙalau."

"Haka tsohuwata ta riƙa ce mana. Har ranar da ta gaishe da tulun ruwa, ta zaci maƙwabciyarta ce. Yanar ido ce, Baba. Irinta ce sak."

Kyaftin ya juya hular a hannunsa. Ya dubi motar da ke cikin kwatami, ya daɗe yana dubanta.

"In na yi dim, hanyar ɓacewa take yi," ya ce a hankali. "In kuma mota ta taho, sai fitilarta ta fashe min, ta cika gilashin duka. Na zaci gilashin ne. Na zaci fitilar ce." Ya juyo ya dubi mutumin. "Ɗana, ka yafe ni. Ban taɓa jefa kowa a rami ba sai kai."

"To ai ka fara da mai ƙarfi," in ji mutumin. "Da wani siriri ka samu da yanzu ana tattara shi."

Auta ta yi dariya ba ta shirya ba, hawaye na zubo mata.

Ashe kafinta ne, zai kai wa wani mai shago wadirob ɗin da ya yi oda. Kafin wani lokaci motoci biyu sun tsaya, mutane suka fito, aka sa duwatsu a ƙarƙashin taya, aka yi ta turawa ana ihu har a-kori-kurar ta hau kwalta. Ban da laka da 'yar lotsawa a gefe, babu abin da ya same ta. Kyaftin ma ya sa kafaɗa ya tura, duk da ana ce masa ya bari. Da aka gama ya ce wa kafinta madubin nan a wuyansa yake, shi zai sa a yanko wani. Kafinta ya ce a bar maganar madubi tukuna.

"Yanzu wa zai kai ku gida? Don gaskiya, Baba, ba zan bar ka ka koma kan sitiyarin nan ba."

Auta ta dubi Kyaftin. Ta san mahaifinta, ta san ba a yi masa irin wannan maganar. Amma sai ta ga ya sa hannu a aljihu, ya fito da makulli, ya miƙo mata ba tare da ya dube ta ba.

"Tana da lasisi," ya ce wa kafinta. "Ni na koya mata."

"Baba, ban taɓa hawa babbar hanya da duhu ba."

"Yau za ki hau."

Kafinta ya ce tunda madubi ya fashe, kai kayan yau ba shi da amfani, gara ya koma shago. Hanyarsu ɗaya ke nan har shataletalen shiga gari. Zai shige gaba a hankali, ita ta biyo jajayen fitilunsa na baya.

Haka suka taho. Auta ta ƙanƙame sitiyari. Kyaftin yana gefenta, ya ɗaura bel, ya ɗora hannuwansa a gwiwa kamar baƙo.

"Sauke ful ɗin," ya ce. "Ba a bin mutum a baya da ful, ta madubi za ki kashe masa ido. Yauwa. Ba shi tazara, kwalta da santsi."

Wata babbar mota ta taho da haske mai ƙarfi. Auta ta ji idonta yana son bin hasken.

"Kada ki kalle shi. Kalli layin gefen hanya ta ɓangarenki, shi za ki bi. Ɗaga ƙafa daga totur kaɗan. In ma bai yi miki dim ba kada ki rama, makafi biyu ke nan a hanya ɗaya."

Motar ta wuce. Auta ta saki numfashi.

"Kin ga layin kuwa?" ya tambaya.

"Ina ganinsa, Baba."

"To madalla." Can ya ƙara da cewa, "Ni rabona da shi tun bara."

A shataletale kafinta ya tsaya, ya zo taga suka karɓi lambar juna. Ya kwatanta musu asibitin idon da aka yi wa mahaifiyarsa aiki. Ya ce aikin ba ya daɗewa, kuma yanzu tsohuwar har zare take sa wa allura, ta dame su da gano datti a inda ba wanda ya gani.

Mama tana bakin ƙofa lokacin da suka iso. Ta ga wadda ta fito daga mazaunin direba, ta ga lakar da ke kafaɗar mijinta. Ba ta tambayi komai ba. Ta ce ruwan wanka yana nan da zafinsa. Da zai wuce ta, ya tsaya.

"Maman yara, wancan asibitin da kike ta faɗa."

"Na'am."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ita ma ba ta nemi ƙari ba.

Likitar idon wata mace ce mai fara'a. Ta duba, ta ce yanar ido ce a duka biyun, ta dama ta fi nuna. Ta yi masa bayani cewa yanar ita take tarwatsa hasken da ya shigo ido, shi ya sa fitilar mota take zame masa azaba, kuma ƙara wa tasa fitilar ƙarfi ba zai gyara komai ba. Za a fara da idon dama, in ya warke a yi na hagu. Kyaftin ya saurara da kyau, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Likita, zan sake tuƙi?"

"In an gama duka biyun muka gwada muka ga ya yi, me zai hana? Amma kafin nan, Baba, a bar wa 'yan baya."

Ranar aikin tsoro ya kama shi sosai. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa tireloli da bas cike da mutane, sai ga shi a kan benci ya riƙe hannun matarsa yana tambayar ko allurar tana da tsawo. Kafinta ya kira a waya ya ce a gaya wa Baba in ya gudu zai zo da a-kori-kura ya ɗaure shi da igiya ya dawo da shi.

Da aka cire bandejin washegari, Kyaftin ya ƙifta ido, ya dubi bango, ya dubi tagar ɗakin, sannan ya juyo ya tsura wa Mama ido har ta tsargu.

"Lafiya?"

"Yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun lokacin da ka daina gani. Kai ka sa min ita."

A gida ya bi ɗaki-ɗaki yana mamaki. Ya ce ashe labulen falo kore ne, shi duk a zatonsa ruwan ƙasa ne, kuma wa ya zaɓo wannan mummunan abu? Mama ta ce shi ya zaɓo. Da ya ɗan warware, ya sa Auta ta kai shi wurin mai gyaran wuta, aka cire fararen ƙwayayen aka mayar da irin na asali. Ya sa aka fuskantar da motar jikin bango aka daidaita fitilun, ɗaya ashe ta ɗaga kai sama tun tuni. Daga nan suka biya wurin masu yankan gilashi, suka ɗauki madubi suka kai shagon kafinta. Kafinta ya yi ta faɗa wai an mayar da shi baƙo, amma ya karɓa, ya kuma hana su tafiya sai da suka sha lemo.

Ranar da za a koma duba idon hagu, layi ya yi tsawo a asibitin, ba su fito ba sai da rana ta faɗi. Auta ce a sitiyari, Kyaftin a gefenta, Mama a baya da jakar magunguna. Da suka hau babbar hanya ya ɗan yi mata gyara sau ɗaya, ya ce ta kunna fitila tun yanzu, ba sai duhu ya gama rufawa ba, don a gan ta. Ta kunna. Hanya ta yi shiru ta sa ful, mota ta ɓullo daga nesa, Auta ta sauke, wancan ma ya sauke, suka wuce juna. Ta jira ta ji abin da zai ce, ba ta ji komai ba.

Can sai Mama ta taɓa kafaɗarta, ta yi mata nuni da haɓa. Kyaftin ya jingina kai da taga, hula ta zamo masa kan goshi, bakinsa a ɗan buɗe, yana barci.

"Tunda na aure shi," in ji Mama cikin raɗa, "ban taɓa ganin ya runtsa a motar da wani yake ja ba."

Auta ta rage muryar rediyo, ta ɗan sassauta gudu saboda ramukan da ke gaba, suka ci gaba da tafiya.